Nutson Kalilu

Badariya, Birnin Kebbi
30 ga Janairu

Ɗana Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifinka Yaya Tamba da yayarka Mansura. Da fatan gwiwar Yaya ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, ban da muryata da 'yan aji uku suka cinye mini a makon nan.

Akwai wani ruɗu da nake gani wajen ɗalibaina kowace shekara, kuma na ji shi a bakinka ranar da muka haɗu wajen suna a Gwadangaji. Ka ce ba za ka sake zama jarrabawar shiga jami'a ba, don bara da ka zauna gaban kwamfuta zuciyarka ta yi ta dukan ƙirjinka, tafin hannunka ya jiƙe, sai ka ɗauka jikinka ne ke gaya maka ba za ka iya ba. Mutane da yawa haka suke zato. Amma ka tuna ranar da ka ci ƙwallo a filin unguwarku. Zuciyar ba ta buga ba? Hannun bai jiƙe ba? Jiki iri ɗaya yake tashi in abu ya yi maka muhimmanci. Wanda ya yarda da kansa yana jin tashin a matsayin ƙarfi. Wanda ya riga ya yanke wa kansa hukunci yana jin sa a matsayin tsoro, ya ajiye alƙalami.

Ga abin da nake koya wa yarana. Kafin ka fara abu mai wuya, ka ja numfashi mai zurfi sau uku. Ka ce wa kanka, na shirya. Kada ka sa wa kanka babban buri lokaci guda. Shafi biyar yau, gobe shida, kuma duk ranar da ka cika ka ba kanka tukuici, ko da ƙullin fura ne. Za ka yi mamakin yadda rai ke washewa.

Na ba Labbo direba agogon hannu ya kawo maka tare da wannan takarda, mai ƙidaya daƙiƙa ne, don ka riƙa auna lokacin amsa tambayoyi. Tunda wayarka ta faɗa gulbi, ka amsa mini a rubuce ta hannunsa. Ni ma na fi son haka. Kakanninmu ne suka haɗa mu, amma ka san ban taɓa ɗaukar ka na nesa ba.

Gwaggonka,
Baiwa

Argungu
9 ga Fabrairu

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙo, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba ya ce a gaishe ki, gwiwa da sauƙi sai in ya daɗe a tsugune. Matsalarmu injin ban ruwa ne. Ya mutu gaba ɗaya, makanike ya ce ko an buɗe shi wahalar banza ce. Shinkafarmu ta rani ta fara yin ja a baki-baki. Muna aron na maƙwabci in ya gama, wani lokaci sai kwana huɗu.

Gwaggo, maganarki gaskiya ce. Na gwada a karatu, na kai shafi tara. Amma inda na fi ganin aikinta a ruwa ne. Alhaji Sunusi mai injin casar shinkafa ya sa gasar nutso a mashayar unguwarmu, Asabar 5 ga Maris. Wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa zai samu sabon injin ban ruwa, ga shi can an ajiye a ƙofar shagonsa cikin kwali, kullum sai na bi ta wajen. Na ba da sunana.

Yadda ake yi, ana kafa gwangwala a cikin gulbi, kowa da tasa. In an buga ganga sai ku nutse ku riƙe gindinta. Wanda ya fito ƙarshe shi ya ci. Doka ɗaya ce, in wani ya taɓa ka kafin ka fito da kanka, ka faɗi.

Da, ba na wuce minti ɗaya da rabi, da ƙirjina ya matsa sai in tsorata in taso. Yanzu ina yin numfashin da kika ce, in ce na shirya. Jiya agogonki ya nuna minti biyu da daƙiƙa ashirin. Na saya wa kaina tsire. Rabon da in ji daɗi haka tun kafin sakamakon bara.

Ɗanki,
Kalilu

Badariya
13 ga Fabrairu

Ɗana Kalilu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, muryata ta dawo, yara sun shiga uku. A yi wa Yaya sannu da batun inji.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, ban ma ajiye jaka ba. Wannan ne Kalilun da na sani! Ka ga abin da nake faɗa? Jikinka na jiya ne, gulbin na jiya ne, abin da ka yarda da shi game da kanka kawai ya sauya, sai ga daƙiƙa hamsin sun ƙaru. Gobe zan ba 'yan ajina labarinka, ba tare da suna ba.

Ni ban san ruwa ba, ka sani, ko gadar Argungu muka hau ina rufe ido. Amma na san zuciyar matashi. Duk lokacin da ƙirjinka ya ce maka ya isa, ka tuna haka ya ce maka gaban kwamfuta, kuma ƙarya yake yi. Ka ce masa, saura kaɗan. Ka riƙa rubuta lokacinka a inda za ka gan shi kullum, ido yana son ganin ci gaba.

In ka kai injin nan gida, ni ma ina da tawa kyautar. Ba zan faɗa ba. Kada dai ka bar shafukan nan tara su koma takwas.

Zan tafi Zuru aikin duba makarantu, sai ƙarshen wata.

Gwaggonka mai alfahari da kai,
Baiwa

Argungu
22 ga Fabrairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Mansura ce. Da fatan kin dawo lafiya. Mu ma lafiya, yarana biyu sun yi mura sun warke. Kalilu bai san na rubuto ba.

Ya cika bangon zaure da lambobi da gawayi. Na ƙarshe minti uku da daƙiƙa talatin da biyar. Yana cin abinci da kyau, yana dariya, har waƙa yake yi in zai fita. Kowa na cewa ya dawo hayyacinsa. Ni ban san me ya sa hankalina ya ƙi kwanciya ba.

Ranar Lahadi na je wanki mashaya na same shi. Kafin ya shiga sai ya zauna a bakin ruwa yana zuƙar iska yana furzarwa da sauri, kamar zugazugin maƙeri. Na ƙirga arba'in na bari. Ya ce ke kika koya masa sau uku, shi kuma ya gano in ya ƙara, ƙirjin ba ya damun sa ko kaɗan. Da ya fito, leɓensa ya yi baƙi. Na ce, Kalilu, Kalilu. Ya zuba mini ido kamar bai san ni ba. Can sai ya yi dariya ya ce, yaushe kika zo? Gwaggo, tare muka yi magana kafin ya shiga.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Mu da munka yi nutso ba mu yi wagga zuƙa ba. In ƙirji ya kira ka, ka amsa, shi ke nan." Ya yi wa Kalilu magana, Kalilu ya ce da ladabi, Baba zamaninku ba a san ilimin abin ba. Rannan sun dawo daga fadama tare, shinkafar gefen gabas ta ƙone.

Ke yake ji. Don Allah ki duba maganar.

'Yarki,
Mansura

Badariya
27 ga Fabrairu

Kalilu,

Sallama. Na dawo jiya lafiya. Ina fata kana lafiya, kuma wannan karon ba gaisuwa ce kawai ba.

Ka daina zuƙe-zuƙen nan yau. Kada ka sake shiga ruwa da su ko sau ɗaya.

Na ji yadda kake yi, kada ka tambayi a ina. Na tafi wajen maƙwabciyata Ummu Hani, shekara ashirin tana aikin jinya. Ban gama bayani ba ta ajiye abin da ke hannunta. Ga abin da ta ce, ka karanta a hankali. In mutum ya riƙe numfashi, akwai gurɓatacciyar iska da ke taruwa a jini, ita ce ke sa ƙirji ya matsa ya tilasta maka fitowa. Zuƙa da sauri tana korar wannan iskar, amma ba ta ƙara maka iskar da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da ita, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ke nan ka kashe mai gargaɗin, haɗarin yana nan. Mutum yana cikin jin daɗinsa sai ya suma, ba zafi, ba alama. A kan tudu faɗuwa zai yi ya farfaɗo. A cikin ruwa shaƙa zai yi.

Laifina ne. Na ɗauki maganar ɗakin jarrabawa na ba ka ka shiga gulbi da ita. Gaban kwamfuta, in ƙirjinka ya ce ya isa, babu abin da zai same ka in ka ƙi ji. A ƙarƙashin ruwa ba ƙarya yake yi ba. Na rubuta maka abin da ban sani ba, saboda daɗin ganin ka tashi.

Ka janye sunanka. Batun inji za mu zauna da dangi mu san yadda za a yi. Kyautar da na ce zan ba ka tana nan, ko ka shiga ko ba ka shiga ba.

Ka amsa mini gobe ta hannun Labbo.

Baiwa

Argungu
2 ga Maris

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, atisaye ya yi yawa.

Na san Mansura ce. Ba komai, tsoro ne irin na mata.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na gane. Kin taɓa ba mu labari kina gaya wa ɗaliba ba za ta iya ba, don ki ga ko za ta tsaya a kan ƙafarta. To na tsaya, Gwaggo. In kuma da gaske kike, to zuciyarki ce ta buga kika ɗauka gargaɗi ne, kamar yadda na yi bara. Malama Ummu Hani marasa lafiya take gani. Ni lafiyayye ne.

Jiya minti huɗu saura daƙiƙa takwas. Babu wanda ya kai haka a unguwar nan, har Mujtaba da kowa ke tsoro. Kuma abin da ba ku sani ba, wajen ƙarshe babu wahala sam. Wani sanyi ne ke sauka, haske ya riƙa yi maka yawo a ido, ka ji kamar kana iya zama har la'asar. Da haɗari ne da ba zai yi daɗi haka ba.

Yara suna bi na a hanya suna kiran sunana. Alhaji Sunusi da kansa ya miƙo mini hannu. Bara in na fito sai in bi ta lungu.

Ki zo ranar Asabar, ƙarfe goma. In na san kina bakin ruwa, ba abin da zai fito da ni sai na ji gangar nasara.

Ɗanki,
Kalilu

Badariya
3 ga Maris

Mansura,

Sallama, ya yara? Ki karanta wannan ke kaɗai, sannan ki karanta wa Yaya Tamba.

Ba zan zo ba. Na shirya jaka na kwance. Kalilu ya rubuto cewa in ina wurin ba zai fito ba, kuma na yarda da shi. Ki gaya masa tun daren Juma'a cewa ba na zuwa, kada ya yi ta nema na cikin mutane.

Na samu Yaya ta wayar maƙwabcinku, na roƙe shi ya hana. Ya ce in ya hana, yaron zai je ya yi inda babu kowa don ya nuna mana, gara a gaban idonsa.

To ga abin da ya rage. Ranar gasar Yaya ya shiga jirginsa ya tsaya kusa da gwangwalar Kalilu, kusa sosai, ko an ce ya matsa. Sanyin nan da hasken da Kalilu ya ce yana gani, Ummu Hani ta ce bakin suma ke nan, ya sha zuwa wurin yana dawowa. Ta ce wanda ya suma ba ya fafutika, ba ya ɗaga hannu. Jama'a za su ga shiru su ɗauka gwaninta ce. Yaya ya fi mu sanin abin da zai duba. Abin da nake roƙo, in ya ga alama kada ya tsaya tunanin doka, ko inji, ko abin da za a ce.

Na san me nake nema a wurinsa. Shinkafarsa ce, kuma ɗansa zai iya ƙin yafe masa.

Baiwa

Argungu
6 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don na san a waya jiya kuka ya hana ni yi miki bayani. Likita ya duba shi, ya ce ruwa kaɗan ya shiga huhu, a sa masa ido kwana biyu. Gwiwar Baba ta kumbura.

Su bakwai suka shiga. Mutane sun cika mashaya har kan bishiyoyi, an ɗora injin a kan tebur an cire kwalin. Kalilu ya yi zuƙarsa a gaban kowa, samari suna taya shi ƙirga. An buga ganga. Biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, saura shi da Mujtaba.

Ruwan ba a ganin komai a cikinsa, sai kan gwangwala. Baba ya ce mini tun da safe, muddin mutum yana riƙe da ita yana kokawa da ƙirjinsa, kanta yana ɗan rawa. Na kafe ido. Ta Mujtaba tana girgiza sosai. Ta Kalilu tana motsi kaɗan kaɗan. Sai ta tsaya cik.

Wurin ya kaure da ihu. Wani yana cewa, kun ga namiji, ko motsi ba ya yi! Makaɗa suka koma kiran sunansa. Na ga Baba ya miƙe a jirgi, mai alƙalanci yana ɗaga masa hannu yana cewa Tamba zauna, Tamba za ka ɓata masa. Baba ya dubi tebur sau ɗaya. Ya faɗa ruwa da rigarsa.

Ya ce a ƙasa ya same shi, gefen gwangwala, hannuwansa a buɗe. Da ya fito da shi, kansa yana lilo, wasu ba su ma lura ba, suna yi wa Baba ature da baƙar magana. Ko numfashi biyar ba a yi ba Mujtaba ya taso yana haki. Shi aka ba injin.

A cikin jirgi Baba ya yi ta hura masa iska a baki har ya yi tari ya amayar. Da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa, na ci?

Gwaggo, bai yarda ya suma ba. Ya ce yana jin ganga, yana cikin daɗinsa aka fizgo shi, saura ƙiris. Duk wanda ya gaya masa yadda aka fito da shi sai ya ce an haɗa baki. Tun jiya bai yi wa Baba magana ba, in ya shigo sai ya juya fuska bango. Abokansa sun zo dubiya na ji ɗaya yana cewa tsoho ya yi gaggawa. Baba ya ce mini, "Ya ƙi ni shekara goma, in dai yana tashi ya ci tuwo."

Yau da hantsi na ga Kalilu ya ɗaura agogon. Ya ce da ya warke zai koma shi kaɗai ya cika minti huɗu, ya kawo mana shaida.

Mansura

Badariya
9 ga Maris

Ɗana Kalilu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? An ce tarin ya ragu, alhamdu lillahi. Ni lafiya, sai dai kwana uku ke nan ina shiga aji ina fita ban san me na koyar ba.

Ba zan yi maka gardama a kan abin da ka ji a ƙarƙashin ruwa ba. Na yarda ka ji ganga, na yarda ka ji daɗi. Wanda ya suma ba ya tuna sumansa, don haka ba ni da hanyar nuna maka. Ba zan kuma ce ka daina yarda da kanka ba. Yaron da ya tashi daga bin lungu ya tsaya gaban gari, ba na so ya ɓace. Amma yarda da kai ba ta sa jini ya riƙe iskar da babu. Da ihun mutane, da injin a kan tebur, da yabon da na yi ta zuba maka, duk sun taru sun sa ka ji kamar ba ka da iyaka. Nawa kason na ɗauka. Na faɗa wa 'yan ajina ma, tunda na ba su rabin farko na labarin.

Ka ce Yaya ya yi gaggawa. To ga abin da nake so, kuma ya amince, ko da yake na yi ta fama da shi saboda gwiwar. Ranar Asabar da hantsi zan zo. Mu huɗu kawai, ni da kai da shi da Mansura, babu ganga. Za a kafa gwangwala ɗaya a inda aka kafa taka. Shi zai nutse. Kai za ka zauna a jirgi da agogonka.

Ya ce a wani lokaci gwangwalar za ta tsaya. Wataƙila da gangan ya tsayar da ita, wataƙila ba da gangan ba, shekarunsa sittin da biyu. Daga sama ba za ka iya bambancewa ba, kamar yadda shi ma bai iya ba. Dokar ita ce taku, in ka taɓa shi kafin ya fito da kansa, ka faɗi.

In ka iya zama a jirgin nan kana kallon ta a tsaye har ya taso, zan je gaban abokanka in ce mahaifinka ya yi gaggawa, kuma ba zan sake hana ka komai ba. Kafin ranar, ina roƙon ka kada ka je gulbi kai kaɗai. Kwana uku ne.

Ka zo ka gwada, Kalilu. Ka ga daƙiƙa nawa za ka iya.

Gwaggonka,
Baiwa